Asterix da Obelix: abota ce ta gaskiya ko mai wayo ne ya samu mai ƙarfi?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya, ya zafi. Tambayata ga waɗanda suka taɓa karanta littattafan zanen nan na Asterix da Obelix ko suka kalli katun ɗinsu, na san ba za a rasa ba a nan tunda muna da masu 'yan uwa a Ƙwanni da Yamai da kuma waɗanda suka yi Faransanci a makaranta.

Ga wanda bai san su ba, labarin wani ƙaramin ƙauye ne a bakin teku a ƙasar da yanzu ake ce wa Faransa, shekara 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin Julius Kaisar da rundunar Rumawa sun cinye ƙasar kaf sai wannan ƙauyen kaɗai ya gagare su, sun kewaye shi da sansani huɗu amma ba dama. Sirrin shi ne bokan garin yana dafa musu wani tsimi da kauci wanda yake yankowa da laujen zinare, in mutum ya kurɓa sai ya yi ƙarfin da ba na mutane ba na ɗan lokaci. Asterix ɗan guntu ne mai gashin baki, wayo kamar me, shi ake aike duk wata tafiya mai wuya. Obelix kuma ƙato ne mai tumbi, yana jariri ya faɗa cikin tukunyar tsimin don haka ƙarfinsa ba ya ƙarewa, sana'arsa sassaƙa dogayen duwatsu yana goya su a baya yana kai wa mutane, ba abin da yake so a duniya irin cin naman aladen daji da dukan sojan Rum yana tara hulunansu na kwano, sai ɗan farin karensa Idefix.

To abin da ya tsaya min a rai, kusan duk inda suka je Asterix ne mai shawara, shi zai ce a tafi shi zai ce a tsaya, Obelix aikinsa ɗaukar kaya da ɓalle ƙofa da duka, in ya yi magana a daka masa tsawa, tsimin ma da kowa ke sha shi kaɗai ake hanawa kullum yana bin layi ana koro shi. Shin wannan abota ce ko dai ɗan dako ne aka samu wanda ba a biya?

Ba don katun kawai nake tambaya ba. Ina da ƙane ɗan sakandare, yaro ne mai jiki, shiru-shiru, bai iya musu ba, abokinsa kuma ɗan firit ne mai baki, duk abin da ya ce shi ake yi. Inna ta damu tana cewa a raba su, ni kuma na kasa yanke hukunci don ban taɓa ganin yaron ya sa shi wani mugun abu ba, kuma in ba ya nan ƙanen nawa ko abinci ba ya ci sosai. Masu ilimin abin ku taimaka.

Mai Alli:

Wa alaikumus salam Ɗan Mabera. Ni Faransanci nake koyarwa kuma da waɗannan littattafan nake jan hankalin ɗalibai in nahawu ya ishe su, don haka ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi.

Ka nemi wanda ya fito a 1969, Astérix et le chaudron, na tukunyar kuɗi. Sarkin wani ƙauye na maƙwabta ya kawo tukunya cike da kuɗi ya ce a ɓoye masa kar masu karɓar harajin Rum su ƙwace, aka ba Asterix gadi, kafin gari ya waye tukunya ba ko sisi. Dokar garinsu kuwa wanda ya tozarta amana korarsa ake yi, ba zai dawo ba sai ya cika tukunyar. Ka duba wannan wurin da kyau, Obelix ba shi da laifin komai, ba wanda ya aike shi, Asterix kuma a ranar ba shi da abin da zai ba kowa, ba suna ba mutunci, sai tukunya wayam a hannu. Amma haka ƙaton nan ya bar gidansa da duwatsunsa ya bi shi. Kuma abin da ke ba ni tausayi, shi fa har aka gama labarin bai gane dalilin da ya sa dole sai kuɗi za a zuba a tukunyar ba, tunda da can miyar albasa ake dafawa a cikinta, a ganinsa a sake cika ta da miya a huta. Bai fahimci matsalar ba amma ya fahimci abokinsa na cikin matsala, wannan ya ishe shi. Suka yi tallan aladu a kasuwa aka karya su don ba su iya ciniki ba, suka shiga dambe, suka shiga wasan kwaikwayo, suka yi cacar sukuwa, har banki suka fasa suka tarar ba komai a ciki. A ƙarshe da suka tare mai karɓar haraji sai Asterix ya ji kuɗin na warin albasa, nan ya gane ashe mai kawo ajiyar ne da kansa ya sace ya biya harajinsa da su. Mu mutanen Sakkwato ba sai an yi mana bayanin yadda warin albasa ke kama abu ba.

Za ka ce to ai wannan alherin Obelix ne, ina na Asterix. Sai ka koma na 1967, Astérix légionnaire. Obelix ya kamu da son wata yarinya Falbala, har cin abincinsa ya ragu yana tafiya yana karo da itatuwa, ashe tana da wanda za ta aura kuma Rumawa sun kama shi sun sa shi soja dole sun tura shi arewacin Afirka inda Kaisar ke yaƙi da 'yan uwansa Rumawa. Wa ya ce za su je su dawo da shi? Asterix ne, kuma shi ba ya son yarinyar, saurayin ba ɗan uwansa ba ne, ƙauyensu ba abin da zai ƙaru da shi. Ya sa kakin maƙiyansa ya haye teku ya shiga hamada, ni dai ban ga wani dalili ba illa ya ga abokinsa na kuka. Mai amfani da mutum ba ya yin irin wannan asarar.

Maganar tsimi kuma ba Asterix ke hana shi ba, bokan ne, don yana tsoron abin da zai faru in aka ƙara wa wanda jikinsa ya riga ya jiƙu da shi.

Wani abu da mutane ba su sani ba, da farko ma ba a shirya za a yi Obelix ba. Mutum biyu suka ƙirƙiri labarin a 1959 a mujallar Pilote, René Goscinny mai rubutawa da Albert Uderzo mai zanawa. Uderzo ƙaton jarumi yake so, Goscinny ya ce a'a guntu mai wayo za a yi, shi ne Uderzo ya dage sai dai a ba guntun ƙaton aboki. A littafin farko na 1961 Obelix ɗan leƙowa kawai yake yi, tafiyar ma ba da shi aka yi ba. Daga baya ne suka ga Asterix shi kaɗai ya cika daidai, ba ya kuskure ba ya kwaɗayi ba ya kishi, irin wannan mutumin kuwa labarinsa ba ya daɗi, duk zuciyar labarin tana wurin mai tumbin.

Bagobirin Illela:

Malam Mai Alli Allah shi ƙara basira, amma ni ban yarda duka ba, ku yi min haƙuri. Mu nan bakin iyaka tun muna ƙanana mu ka ganin littattafan ga wajen ɗiyan kawunmu da sunka yi lakwal Ƙwanni, ba mu iya karatun ba sai su hwassara muna muna kallon zane.

Wanda ni ka tunawa shi na wanda anka yi 1976, Obélix et Compagnie. Wani yaro Barume da yay yi karatun kasuwanci yac ce ma Kaisar tunda an kasa su da takobi a gwada su da kuɗi, yaz zo yana sayen duwatsun Obelix kullum yana ninka mai farashi. Obelix yay yi kuɗi, yaɗ ɗauki ma'aikata, yas sa wasu na yi mai farauta, yas sayi tuhwahi masu walƙiya. To ran da bawan Allah ga yas samu abin kainai, ran da mutane sunka hwara gaishe shi da girma, mi Asterix yay yi? Murna yat taya shi? A'a, hushi yay yi, sannan shi da boka sunka zuga sauran mutanen gari kowa shi hwaɗa sassaƙar dutsi har kasuwa tac cika tal lalace. Ni a ganina wanga shi na halin mai wayo, yana son ka muddin kana bayanai, in ka matso kusa da shi sai ido shi yi ja.

Kuma mu da munka tashi da tatsuniyar Gizo mun san wagga dabara, Gizo ba shi da ƙarhi amma ya sa giwa da dorina jan igiya kowace na zaton da shi ta ka ja. Mai wayo bai taɓa rasa mai ƙarhin da za shi yi ma aiki ba. Ɗan Mabera ni dai ina bayan Inna, a sa ido ƙwarai.

Maman Khalifa Arkilla:

Bagobiri ka faɗi rabi ka bar rabi. A wannan littafin ai kuɗin tarko ne, so ake garin ya shagala da ciniki a manta da Rumawa, kuma Obelix ɗin da kake tausayi shi ne ya fara cewa ba shi da lokacin zuwa farauta da abokinsa, har karensa ya yi watsi da shi. Ba wanda ya ƙwace masa kuɗi, shi da kansa ya gaji da kayan ƙawar da lissafin ya dawo yana neman a koma daji kamar da, Asterix kuma bai ce masa ai na gaya maka ba, ya karɓe shi suka wuce. Gizo in ya gama da kai ba ya waiwayarka, wannan kuwa zama ya yi yana jiran ranar da abokinsa zai dawo hayyacinsa.

Kuma don Allah ku daina ɗaukar Obelix kamar wani dolo. Mutum ne mai zuciya, ka ce masa ƙato mai ƙiba ka ga yadda zai yi ja ya ce shi ba shi da ƙiba, in Asterix ya ɓata masa rai juya baya yake ya harɗe hannu ya daina kiran sunansa kai tsaye sai da wani girmamawa na gatse, shi ma wancan ya rama, su yi ta tafiya ba mai kula wani, can kuma sai ka ga sun rungume juna Obelix na hawaye. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wanda ake amfani da shi ba ya samun damar yin fushi haka a fili.

Na Misira nake so ku tuna, na sarauniya Kiliyobatira, 1965. Asterix ya ce kar a tafi da karen don ya yi ƙanƙanta da irin wannan tafiya, Obelix ya yi kamar ya ji, ashe ya cusa shi a jaka. Da maƙiyi ya rufe su a cikin dalar Fir'auna, hanyoyi sun rikice ba su san ta inda za su fita ba, wayon Asterix bai yi ba ilimin boka bai yi ba, ƙarfin Obelix ma ƙofa kawai ya iya ɓallewa duk da a ranar ne boka ya ɗiga masa ɗigo uku na tsimin, wa ya fitar da su? Ɗan karen nan da aka ce a bari a gida, shi ya biyo sawunsu ya nuna musu hanya. Ka ga taurin kan Obelix ne ya cece su ranar.

Ɗan Mabera game da ƙanenka, ni uwa ce kuma ina da irin wannan a gida, babbar 'yata ba ta da magana ƙawarta kuma rediyo ce. Abin da nake dubawa ba wai wa ke yawan magana ba, a'a, shin in ta ce ba ta so ana ƙyale ta? In aka yi laifi tare wa ake turawa gaba ya sha faɗa? Ran da ba ta da lafiya ko ba ta da kuɗin tara ƙawar na zuwa ko sai ran da akwai? Ka ce wa Inna ta jawo yaron jiki, ya riƙa shigowa gida yana cin tuwo da ku, a gaban kwano ake gane halin yaro, in aka raba su da ƙarfi a waje za su riƙa haɗuwa inda ba ku gani.

Sai dai ina jan hankalin iyaye, in za ku ba yara waɗannan littattafan ku zauna da su. Akwai cin alade a kusan kowane shafi, akwai shan giya a walimarsu, akwai rantsuwa da gumakansu, sai an yi wa yaro bayani cewa mutanen jahiliyya ne na kafin zuwan addini. Kuma yadda suke zana baƙar fata, musamman wani da ke cikin 'yan fashin teku mai leƙe a saman jirgi, da manyan leɓɓa jajaye, gaskiya yana ɓata min rai duk lokacin da na gani kuma na gaya wa yarana cewa wannan raini ne ba daidai ba ne.

Ɗalibar Danfodiyo:

Mama kin gama magana wallahi. Ni Tintin na fi karantawa, na Hergé ɗan Beljiyam wanda ya fara tun 1929, kuma can ma haka abin yake ko ma ya fi. Tintin yaro ne natsattse ba ya sha ba ya zagi, Kyaftin Haddock kuma dattijon matuƙin jirgin ruwa ne mashayi mai zafin rai, in ya fara zage-zage sai ya cika rabin shafi. Farkon haɗuwarsu ma bala'i ya zame wa Tintin, suna cikin ɗan kwalekwale a tsakiyar teku ya bugu ya haɗa wuta da itatuwan tuƙa kwalekwalen wai yana jin sanyi. Kowa zai ce a rabu da wannan mutumin.

Amma ku karanta na Tibet, 1960. Jirgin sama ya faɗi a duwatsun Himalaya da abokin Tintin ɗan Sin mai suna Chang a ciki, kowa ya ce ya mutu, Tintin ya ce shi jikinsa na ba shi yana raye sai ya je. Haddock ya ce hauka ne ba inda za shi, ya faɗa ya maimaita, kuma duk lokacin da ya rantse ya gama sai ka gan shi a shafi na gaba da jaka a baya yana biye yana mita. Har aka zo inda ya zame daga jikin dutse yana reto a igiyar da ta ɗaure su tare, nauyinsa na neman jawo Tintin su faɗa duka, ya ce Tintin ya yanke igiyar ya ƙi, shi ne ya ciro wuƙarsa zai yanke da kansa don yaron ya tsira, sanyi ya sa wuƙar ta suɓuce masa, Allah Ya kawo ɗan jagoransu da ya juyo ya cece su. Na karanta wurin nan a hostel sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru.

Shi ya sa ni ba na auna abota da kamannin hali. Su biyun ba abin da ya haɗa su a ɗabi'a, amma abin da ba za su iya yi ba iri ɗaya ne, ba mai iya tafiya ya bar wani a rami. Shi ma Hergé yana da nasa laifin kan yadda ya zana mutanen Kwango a 1931, wannan kam ba na ba kowa shawarar ya ba yaro.

Mai Alli:

Tunda an kawo nan bari in ƙara ɗaya. Su kansu masu Asterix ɗin haka suke, Goscinny Bayahude ne da aka haifa a Faris ya tashi a Ajantina, mutum mai kwat da lissafin kalma, Uderzo kuma ɗan baƙin haure ne daga Italiya, ba ya ma bambance wasu launuka amma hannunsa ba a magana. Sun haɗu a 1951 suka yi aiki tare har Goscinny ya rasu kwatsam a 1977 yana da shekara 51, ana tsakiyar littafin da suka kai su Asterix ƙasar Beljiyam. Da Uderzo ya zo ƙarasa zanen, daga wurin da ya tsaya lokacin rasuwar sai ya sa hadari ya rufe sama ruwa ya sauko a labarin. Ya ci gaba shi kaɗai daga 1980, wasu suka karɓa a 2013, shi ma ya rasu a 2020, amma duk wanda ya karanta na da da na baya zai ji akwai abin da ya tafi da Goscinny.

Bagobiri in kana son ka ga an gwada abotar da gaske nemi La Zizanie na 1970, inda Kaisar ya turo wani munafuki wanda ko kallonsa aka yi sai faɗa ya tashi, ya kawo wa Asterix kyauta wai shi ne mafi daraja a garin don a tsane shi. In gulmar ta kama mutum har launin maganarsa a zanen komawa kore yake. Su biyun ma sai da ta taɓa su suka yi cacar baki, amma tasu ba ta daɗe ba alhali sauran gari na ta dambe.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Mama shawararki zan kai wa Inna yau in sha Allahu, dama yaron maraya ne wajen kakarsa yake, ina ga shigowarsa gida zai yi masa daɗi shi ma. Malam Mai Alli akwai na Turanci kuwa, don Faransancina bai wuce gaisuwa ba, kuma da wanne zan fara ba yaran?

Mai Alli:

Akwai, Anthea Bell da Derek Hockridge suka fassara su kuma sun yi ƙoƙari sosai, sai dai wasu sunayen sun canza, karen ya koma Dogmatix boka kuma Getafix, kar ka rikice. Fara musu da na tukunyar kuɗin, ka ba su su biyu su karanta tare. In ba ka samu a wajen masu tsofaffin littattafai ba ka yi min magana ta inbox in ara maka nawa, amma a dawo min da shi da bangonsa.

Bagobirin Illela:

Na ji bayaninku kuma na Misira ya shige ni, ban san da maganar karen ga ba. Amma har yanzu ina nan kan batun duwatsu, da Asterix ya zamna da shi ya hwaɗa mai gaskiya baki da baki tun hwarko da ya hi, ba sai an bi ta bayan gida an kashe mai kasuwa ba. Malam in Ɗan Mabera ya gama da littahin a aiko min shi ta motar Illela.